Kafin Ka Murɗa Makullin Motar Da Ta Daɗe A Ajiye

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, da yawanmu kan kulle mota mu tafi Arewa noman damina, sai bayan wata huɗu ko biyar mu dawo. Ana sauke jaka sai a aro batir a yi mata ki. Don Allah a dakata.

Duk tsawon zaman nan baƙin mai ya gangara ƙasa ya kwanta, ƙarafan saman inji sun bushe, laimar Legas kuma ba ta barin ƙarfe ya huta da tsatsa. Fara zaro sandar awon baƙin mai. Idan ka gan shi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka tayar. Wannan ya fi shafar wanda ambaliya ta taɓa wa mota: ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, bugu ɗaya zai lanƙwasa ƙarfen fistin, injin ya tafi ke nan. Juye man da filta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zuwa Ladipo, kasuwar kayan mota, neman wani inji.

Fetur ma yana tsufa. Daga wata 3 zuwa 6 ya fara lalacewa, raɓa kuma na taruwa a tankin da ba a cika ba. Idan warinsa ya canza, a zuƙe shi a zuba sabo. Na san tsadar mai, amma wannan ba abin tattali ba ne.

Leƙa ruwan lagireto, fanbel da wayoyi, don ɓeraye na son sheƙa a ƙarƙashin bonet. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6. Motar da ta haura wata shida kuwa, bakanike ya kwance filogi, ya ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, ya juya injin da sufana. Sannan a cire fis ɗin famfon fetur, a yi ki na daƙiƙa 10 sau biyu ko uku don baƙin mai ya zagaya, kafin a mayar da fis ɗin ta kama.

Abin da ya fi damuna a aikinmu na lafiya shi ne wurin da ake ɗumama ta. Hayaƙin salansa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, irin ta janareta da ke kashe iyali cikin barci. A tura motar fili, a kawar da yara. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kashe injin, a fitar da mutumin iska, a wuce asibiti ko da ya ce ya warware.

Kafin hawa titi, taka birki a hankali cikin layi, don yakan maƙale bayan dogon zama.