Tallafin Bincike kan Karaya da Gudanar Jini ga Likitoci Masu Koyon Tiyata

Wannan tallafi kuɗi ne da gidauniya ko ƙungiyar likitoci ke bai wa likitan da bai kammala koyon tiyata ba, domin ya jingine aikin asibiti, galibi na shekara guda, ya duƙufa kan matsala ɗaya. Kuɗin kan biya albashinsa da kayan gwaje-gwaje, amma babban abin da yake samu shi ne lokaci, wanda mai kwanan aiki a asibiti ba shi da shi.

Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta fara irin wannan shiri a 1993. A Amurka akwai gidauniyar OREF, mai tallafa wa bincike kan ƙashi, tun 1955. A Suwizalan kuma akwai AO, ƙungiyar masu nazarin gyaran karaya, wadda Maurice Müller da abokan aikinsa suka kafa a 1958, mai cibiyar bincike a Davos. Mai nema yakan gabatar da tsarin bincikensa da sunan malamin da zai duba shi, kwamiti ya tantance.

Dalilin haɗa karaya da gudanar jini a fage ɗaya shi ne, ƙashi ba ya haɗewa sai da jini. Idan ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Daga nan ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, guringuntsi ya ɗaure ɓangarorin biyu, sannu a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi. Inda jini ya yi ƙaranci, sai ɗori ya ƙi kamawa, wani lokaci ma ƙashin ya mutu. Wuyan ƙashin cinya da ƙaramin ƙashin sikafoyid na wuyan hannu sun yi ƙaurin suna a nan, domin karayar kan tsinke jijiyar da ke ciyar da su. Shan taba da ciwon suga su ma suna jinkirta warkewa.

Akwai kuma haɗarin gaggawa: kumburi ko ɗauri mai tsanani ya matse tsoka har jini ya daina ratsa ta. Wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana shanyewar hannu da ke biyo bayan haka a 1881. Har yau gane wannan matsala da wuri yana da wuya, musamman ga majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa balle ya faɗi zafin da yake ji, shi ya sa ake ci gaba da neman ingantacciyar hanyar auna ta.