Jan layi: yadda aka hana baƙaƙen fatar Amurka mallakar gida

Duk inda ake maganar tazarar dukiya tsakanin farare da baƙaƙen fata a Amurka, sai ka ji an ambaci redlining, wato jan layi. Shi ne a shata unguwa a ce kada a ba mazaunanta rancen sayen gida, ba tare da an duba ƙarfin aljihun kowa ba.

Hukumar HOLC, mai ba masu gidaje rance, da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa a 1933 ita ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni kashi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Ja na nufin haɗari, kuma kusan duk unguwar baƙaƙe nan ta faɗa. Sai dai wadda ta fi yin ɓarna ita ce FHA, hukumar gidaje ta tarayya, da aka kafa a 1934. Aikinta tsaya wa mai rance: in ya kasa biya, gwamnati ta biya banki. Da wannan lamuni kuɗin kafin alƙalami ya ragu, aka tsawaita wa'adin biya, har ƙaramin ma'aikaci ya iya sayen gida. FHA ta ƙi tsaya wa unguwannin baƙaƙe, ta kuma goyi bayan a rubuta a takardar gida cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Da irin wannan sharaɗi aka gina rukunin gidaje na Levittown a jihar New York daga 1947.

To ina baƙar fata zai nufa? A Chicago dillalai suka riƙa sayar musu da gida bisa yarjejeniya, a farashi mai tsada. Kana biya duk wata, gyara a wuyanka, amma takarda tana hannun dillali sai ka gama. Ka tsallake wata ɗaya, a kore ka, kuɗin da ka zuba sun tafi, a kawo wani.

An haramta wannan wariya a 1968, amma doka ba ta mayar wa kowa gidan da aka hana shi ba. Gidan da Bature ya saya a 1950 ya yi ta ƙara daraja, an jinginar da shi an biya kuɗin jami'a, an bar wa 'ya'ya gado. Wanda ya ƙare a haya kuwa rasit kawai ya bari. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna dukiyar matsakaicin iyalin farare ta kai kimanin dala 285,000, ta baƙaƙe kuwa dala 44,900.