Waiwaye: Tun ranar da kara ya zama kuɗi a Maraɗi

Tun 2019, da dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara tsallakowa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, zancen zaman lafiya bai bar bakin mutanen Maraɗi ba. A majalisa da gidajen rediyo gardamar ɗaya ce: wasu sun ce a ƙara jami'an tsaro a bakin iyaka, wasu sun ce sulhu ne magani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar kamar rana tsaka masifar ta faɗo mana daga ƙetare. Gaskiya ne satar shanu da garkuwa da mutane ta iyaka suka fi shigowa, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da aka fi sani ba shi da tsawo. Dokar Nijar ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar wa makiyaya abin da ke bayanta. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka yi ta cin daji, farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobi, suka koro makiyaya kudu. A Oktoban 1991 aka yi kisan Toda, wani ƙauye na jahar Maraɗi, a rikicin manoma da makiyaya, inda sama da mutum 100 suka rasu, yawancinsu mata da yaran Fulani. Sai kundin dokokin karkara na 1993, wanda ya haifi hukumomin filaye da muke kira kofo, da dokar kiwo ta 2010.

Amma akwai abin da ya faru cikin gonaki bayan yunwar 1984, ba a rubuta masa doka ba, ba a yi masa taro ba, kuma a ganina can ne igiyar ta fara tsinkewa.

A dā, idan an gama yanke hatsi, kara a gona yake zama. Kakana yana da amini Bafulatani da ke sauka gonarsa kowace kaka. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar taki. Matar baƙon ta kawo nono da man shanu cikin ƙwarya, kakata ta auna mata tiyar hatsi. Ranar tashi a ɗora musu dami a kan jaki, shi kuma ya kora ƴan tumakin kakana cikin garkensa, amana, sai wata kakar a zo a nuna masa abin da suka haifa. Babu takarda, babu shaida. Idan saniya ta yi ɓarna a gonar maƙwabci, kakana ne ke zuwa ba da haƙuri, domin baƙonsa ne, kunyarsa ce. Kafin magana ta kai gaban maigari an kashe ta a zaure.

Yunwar ta sauya lissafin kowa. Makiyaya da yawa sun sayar da ragowar dabbobinsu a wulaƙance, masu hali na gari suka saye. Manomi ya koyi ajiye dukiyarsa a tunkiya da sa na turke, su kuma sai da abinci. Sai aka fara tattare kara da harawa, a loda wa amalanke, a jibge bisa rumfa ko cikin rassan itace, a jira bazara farashi ya hau. Ba na ganin laifin wanda ya ga yunwa da idonsa ya yi tanadi. Sai dai tun da kara ya yi tsada, kara ta yi ƙaranci tsakanin mutane. Manomin da ke da takin dabbobinsa ba ya bukatar saukar da kowa. Makiyayin da ba shi da mai masauki ba shi da mai tsaya masa, kuma sau da yawa shanun da yake kora ma ba nasa ba ne, ɗan haya ne. Ɓarnar da ake kashewa da ban haƙuri ta koma ta tara da ƙara, wani lokaci ta sanda da adda.

Kofo sun yi aiki, an shata burtali a wurare da dama, an kafa musu turakun siminti, kowace shekara kuma ana sanar da ranar sakin gonaki. Amma ranar takan zo ta tarar da gonar an share ta tas. Jahar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan 3, ba za ta koma yalwar zamanin kakana ba, na sani. Abin da nake so masu zaman sulhu su tambaya shi ne, wace hulɗa ce za ta sa manomi da makiyayi su sake bukatar juna, har amana da haƙurin da muke wa'azinsu su sami wurin zama.

Kakar bara na je ƙauyenmu. Ana loda kara a gonar nan ta kakana, wani yaro makiyayi na tsaye a gefe da sandarsa a kafaɗa, shanunsa na kallon amalanken. Na tambayi ƙanena ko ɗan wane ne. Ya ce bai sani ba.