Tambarin Muhalli a Jerin Abincin Gidajen Cin Abinci

Tambarin muhalli alama ce da ake sawa kusa da sunan abinci, a takardar jerin abinci ko a allon farashi, don nuna wa mai saye yawan iska mai ɗumama duniya da aka fitar kafin abincin ya zo farantinsa, tun daga gona da kiwo har zuwa sufuri. Wasu gidajen abinci lamba suke rubutawa da kilogiram na kabon, wato ma'aunin wannan iska, wasu kuma launi suke sawa: kore ga mai ƙarancin illa, ja ga mai yawa. An fi ganin sa a gidajen abincin gaggawa na Turai da Amurka, masu sayar da boga da kaza da soyayyen dankali.

Asali

Galibi ana danganta farkon irin wannan alama da tambarin Blue Angel da Jamus ta Yamma ta fito da shi a 1978, sai dai na kayan masarufi ne. Lissafin kabon ya hau kan abinci wajen 2007, lokacin da hukumar Carbon Trust ta Birtaniya ta sa shi a ledar soyayyen dankalin Walkers. A shekarar ne kantunan Tesco suka yi alƙawarin yi wa dubban kayansu tambari, amma suka janye a 2012, saboda lissafin kaya guda kan ci watanni, sauran kantuna kuma ba su bi sahu ba.

A ɓangaren gidajen abinci, kamfanin Max na Suwidin ne ake yawan ambata a matsayin na farko, domin tun 2008 yake rubuta nauyin kabon kusa da kowane boga. A shekarar ce kuma birnin New York ya tilasta wa manyan gidajen abinci rubuta yawan kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, abin da ya saba wa masu saye ganin lamba kusa da farashi. A 2020 kamfanonin Amurka irin su Panera Bread da Just Salad suka fito da nasu tambarin.

Dalilin ware naman shanu

Binciken Joseph Poore da Thomas Nemecek na 2018, wanda ya tattara bayanan gonaki kimanin 38,000 a ƙasashe 119, ya ƙiyasta cewa samar da abinci ne ke fitar da kashi 26 cikin 100 na iska mai ɗumama duniya. Alƙaluman da aka ciro daga cikinsa sun sa kilo ɗaya na naman shanu a wajen kilo 60 na kabon, na kaza wajen 6, dangin wake kuwa wajen 1. Babban dalili shi ne iskar metan, mai ɗumama duniya, da saniya ke gyatsawa idan tana tuƙa, sai kuma sare daji don kiwo.

Tasiri kan zaɓi

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Julia Wolfson da abokan aikinta na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya fito a Disamban 2022. An nuna wa Amurkawa fiye da 5,000 jerin abincin gaggawa ta intanet, aka ce kowa ya zaɓi guda. Cikin waɗanda ba su ga bayanin muhalli ba, kusan rabi ne suka kauce wa naman shanu. Inda aka sa koren tambari a kan kaza da kifi da ganye, adadin ya kai kashi 54 cikin 100. Inda aka sa jan tambari a kan naman shanu kuwa, ya kai kashi 61. Wato gargaɗi ya fi yabo motsa mai saye.

Gwajin ya kuma tono wata matsala mai muhimmanci: waɗanda suka zaɓi abinci mai koren tambari sun fi ɗaukar sa a matsayin mai amfani ga jiki, alhali soyayyar kaza ce da makamantanta, cike da mai da gishiri. Sannan zaɓin na kan allo ne, ba wanda ya zaro kuɗi ya biya.

A karkarar Kano da Jigawa

A nan abincin gaggawa shi ne tsire da balangu, gurasa, ƙosai, ɗanwake, awara, da Indomie da ƙwai a teburin mai shayi. Ba a rubuta jerin abinci, balle a sa masa launi. Mai saye yakan nuna da yatsa ya ce a ba shi na kaza, aljihu ne ke yanke hukunci. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ko Juma'a a Wudil, inda ake cinikin shanu, hayaƙin tukuba kan cika gefen kara, amma ɗan dako ko yaron da ya koro dabbobi ya fi tsayawa gaban kaskon mai awara, a yanka masa, a barbaɗa yaji, a ƙulle a leda. Da za a yi wa abincin nan tambari, awara da ƙosai da ɗanwake ne za su sha kore, kuma su ne dama mafi araha. Talakan yankin, wanda ambaliyar 2022 ta cinye wa gonaki a kwarin Haɗejia, yana cikin masu ƙarancin fitar da wannan iska a duniya.

Saɓani

Ana jayayya kan ko ma'aunin da aka gina kan gonakin ƙetare ya dace da saniyar makiyayi, wadda ke cin kara da harawa bayan girbi, ta ba da nono, ta bar taki a gona, bijiminta kuma ya yi huɗa kafin a kai shi mahauta. Wasu masana na cewa jinkirin girmanta na ƙara yawan metan a kowane kilo na nama. Wasu na ganin rashin adalci ne a ɗora wa naman kaɗai lissafin duk waɗannan ayyuka.