Dokokin sanyaya furosesa da hana maguɗi a gasar ƙure gudun kwamfuta

Kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana fitowa daga kamfani da gudun da aka yanka mata. Gudun nan lambobi biyu ne ake ninkawa: agogon tushe, wanda yawanci megahaz 100 ne, da lambar ninki. Idan ninkin 55 ne, furosesar na gudun megahaz 5,500 ke nan. Masu gasar ƙure gudu su ne waɗanda ke shiga saitin madabod, wato babban allon da ake dasa furosesa da sauran sassan kwamfuta a kai, su ɗaga waɗannan lambobi sama da abin da kamfanonin ƙera furosesa irin su Intel ko AMD suka tsara, sannan su kunna wata manhajar gwaji irin su SuperPi ko Cinebench ko y-cruncher, su ga wa zai gama lissafi ɗaya cikin lokaci mafi ƙanƙanta. Babban rumbun da ake tara sakamakon duniya shi ne HWBOT, wanda aka kafa a Beljiyam, kuma dokokinsa ne akasarin gasanni ke bi ko suke kwaikwaya.

Matsalar ita ce gudu ba ya ƙaruwa sai an ƙara wuta, wuta kuwa zafi take haifarwa. Zafin ma ba daidai wa daida yake hawa ba. Wanda ya ɗaga wutar furosesa daga bolt 1.2 zuwa 1.5 ya ƙara kashi 25 ne cikin ɗari, amma zafin da za ta fitar zai haura da fiye da rabi, tun ma kafin ya taɓa gudun. Saboda haka duk wanda ya fi iya kwashe zafi shi ke da rinjaye, kuma a nan ne dokar sanyaya ta samo asali. Haɗa mai fanka da mai ruwan naitirojin a layi ɗaya tamkar haɗa mai keke da mai babur ne a tsere.

Matakan sanyi da rukunin da kowanne ke jefa mutum

A ƙasa akwai sanyaya da iska, wato dunƙulen ƙarfe mai haƙarƙari da fanka, sai sanyaya da ruwa mai zagayawa ta famfo da lagireto. Waɗannan biyun abu ɗaya ya haɗa su, kuma shi ne ginshiƙin dokar baki ɗaya: ba za su taɓa sauke furosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin da take ciki ba. Ko lagireto goma ka jera, iyakar abin da za ka samu shi ne ruwanka ya kusanci zafin ɗaki.

Daga nan sai abubuwan da ke sauka ƙasa da zafin ɗaki. Akwai ruwan da aka sanyaya da inji ko da ƙanƙara. Akwai farantin Peltier, wanda idan aka ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi zafi. Akwai injin kwamfuresa irin na firij da ake kafa bakinsa kai tsaye a kan furosesa, wanda kan kai wajen digiri 40 zuwa 50 ƙasa da sifili. Akwai kuma busasshiyar ƙanƙara, wadda ke digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ana farfasa ta ne a zuba cikin wata tukunyar jan ƙarfe da aka ɗaure a kan furosesa, a ƙara asiton ko barasar goge na'ura don sanyin ya ratsa gindin tukunyar sosai. A can ƙoli sai ruwan naitirojin, irin wanda likitocin dabbobi ke adana maniyyin bijimai a ciki, mai digiri 196 ƙasa da sifili, da ruwan hiliyam mai digiri 269 ƙasa da sifili. Da hiliyam ne aka kai furosesar AMD FX-8150 gudun gigahaz 8.429 a 2011, da shi ne kuma tawagar kamfanin ASUS ta fara haure gigahaz 9 da Intel Core i9-13900K a Disambar 2022.

HWBOT ta raba mutane rukuni-rukuni a kan wannan. Rookie na sababbin shiga ne, ana duba tsawon lokacin da mutum ya yi da rajista. Enthusiast na masu iska da ruwa ne zalla. Apprentice na waɗanda suka sauka ƙasa da zafin ɗaki amma ba su kai ga naitirojin ba. Extreme na masu naitirojin da hiliyam, Elite kuwa na waɗanda kamfanoni ke mara wa baya da kaya. Abin da sababbi ba su cika lura da shi ba shi ne, mafi tsananin sanyin da mutum ya taɓa tura sakamako da shi shi ke yanke rukuninsa. Ka ari tukunyar aboki ka gwada naitirojin sau ɗaya ka tura, to ka bar layin masu fanka ke nan.

Inda rigimar take

Babu mai jayayya a kan naitirojin, domin hoton tukunya tana tururi ya isa shaida. Rigima tana kan iyakar da ke tsakanin zafin ɗaki da ƙasa da shi. Mutum ya tsoma lagiretonsa cikin bokitin ƙanƙara, a hoto kuma ya nuna famfo da tiyo kawai ya ce ruwa ne. Wannan maguɗi ne ƙarara, domin ruwan ƙanƙara ruwan da aka sanyaya ne. To amma wanda ya ajiye lagireto a bakin na'urar sanyaya ɗaki fa? Wanda ke Finlan ya buɗe taga a watan Janairu, iskar da ke ƙasa da sifili tana hura masa kyauta fa? Shi bai saka ƙanƙara ba, bai kunna inji ba. Amma ɗan gasar da ke Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, rana na haura digiri 40, yana iya kasancewa bayansa da digiri talatin ko fiye tun kafin a danna maɓalli, alhali a takarda sanyaya iri ɗaya suke yi.

Maganin da masu shirya gasa suka fi amfani da shi shi ne gindaya mafi ƙarancin zafi. Sai a ce, alal misali, kada furosesa ta sauka ƙasa da digiri 20, kuma dole manhajar auna zafi ta kasance a buɗe tun daga farkon gwaji har ƙarshensa, ta fito a hoton allo da mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ta gani. Lambar takan bambanta daga gasa zuwa gasa, don haka a karanta sharuɗɗan kowace gasa da kanta, kada a dogara da na bara. A ganinmu wannan ita ce doka mafi adalci a fagen, ta fi tambayar sunan abin da ka ɗora a kan furosesa nesa ba kusa ba, domin tana auna abin da ke kawo rinjayen ne kai tsaye, kuma tana rage wa mutanen ƙasashe masu zafi tazara.

Tana da rauninta. Ma'aunin zafin da ke cikin furosesa an gina shi ne don ya yi daidai a kusa da zafin da ke da haɗari, ba a wajen sanyi ba. Jerin AMD FX sun yi suna wajen nuna lambar da ta gaza zafin ɗaki idan ba sa aiki, ko da fanka ce kawai a kansu. Alƙalin da ya yanke hukunci da wannan lamba kaɗai zai iya korar mai gaskiya. Shi ya sa ya kamata a haɗa da zafin da aka gani lokacin da furosesa ke tsakiyar aiki, da kuma hoton na'urar gaba ɗaya wanda ya nuna inda kowane tiyo ya fito da inda ya nufa. Auduga ko soso da aka naɗe bakin furosesa da shi alama ce babba: mai sanyaya da iskar ɗaki ba ya buƙatar kariya daga raɓa, tunda raɓa ba ta sauka sai a kan abin da ya fi iska sanyi.

Agogo ma yana iya yin ƙarya

Kusan kowane maki a wannan wasa aiki ne aka raba da lokaci, don haka wanda ya rage wa agogo gudu ya ci ba tare da furosesarsa ta ƙara komai ba. A watan Agustan 2013 HWBOT ta dakatar da karɓar sakamakon Windows 8 saboda wannan. Tsarin ya canza yadda yake ƙirga lokaci, ya jingina shi da agogon tushe kamar yadda ya same shi lokacin kunna kwamfuta. Idan mutum ya sauke agogon tushe bayan Windows ta tashi, daga 130 zuwa 122 misali, ya ɗaga ninki don gudun ya tsaya kusan inda yake, sai agogon Windows ya riƙa jan ƙafa da kusan kashi 6 cikin ɗari. Cikin minti biyar daƙiƙa 18 sun ɓace. Manhajar gwaji za ta rantse cewa an gama aiki da wuri, alhali da agogon bango babu abin da ya sauya. A fagen da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗan guntun daƙiƙa, wannan ɓarna ce mai girma, kuma wani ma zai iya faɗawa cikinta bai sani ba.

Daga baya an sassauta ga na'urorin da aka tabbatar matsalar ba ta shafe su ba, sannan aka samu BenchMate, wata manhaja da ke lulluɓe gwajin, ta auna lokaci da kanta, ta sa ido kada a taɓa fayilolin gwajin, ta kuma fitar da sakamako a rufe tare da gudu da zafin da aka yi aikin da su. Ga gwaje-gwaje da yawa a kan sababbin Windows, sakamakon da bai bi ta cikinta ba ba ya karɓuwa.

Shaida da mallakar kaya

Hoton allo shi ne takardar shaidar ɗan gasa. Ana son cikakken allo, ba a yanke ba, ba a gyara ba, makin yana bayyane, ga tagogin manhajar CPU-Z da ke nuna furosesa da ma'adanar wucin gadi, sau da yawa har da madabod. A Cinebench dole hoton da manhajar ta zana ya fito gaba ɗaya, kada wata taga ta rufe shi, domin ta nan ake gane ko an rage wa gwajin aiki. Sakamako masu kyau da yawa sun faɗi ba don maguɗi ba, sai don an manta taga ɗaya, kuma ba a yarda a ɗauko ta daga baya a liƙa.

Kashe wasu daga cikin ƙwayoyin furosesa, wato ƙananan sassan cikinta da kowanne ke lissafi da kansa, halal ne idan gudun zalla ake nema, shi ya sa manyan lambobin tarihi galibi da ƙwayoyi kaɗan ake kafa su. Amma a gwajin da ake jera mutane bisa yawan ƙwayoyi, mai takwas ba zai kashe huɗu ya je ya yi takara da masu huɗu ba.

Sai dokar aron kaya. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga kwali ɗaya, ba sa gudu ɗaya. Wata takan fi 'yar'uwarta da megahaz ɗari biyu ko uku a wuta iri ɗaya, shi ya sa masu hali ke gwada da yawa su zaɓi zakara. Da za a bar wannan zakarar ta zagaya hannun 'yan ƙungiya goma, kowa ya tura maki da sunansa, da ƙungiyar ta tara maki goma da furosesa ɗaya. Don haka ba a yarda mutum biyu su tura sakamakon gwaji ɗaya da furosesa ɗaya ba, kuma ba a yarda wani ya yi gwaji ya ba wani ya tura ba. Samfuran gwaji da kamfani ke rabawa kafin kaya su shiga kasuwa su ma gasanni da dama sun haramta su, tunda ba kowa ke iya samunsu ba. A gasar ido da ido kuwa, irin wadda kamfanin G.Skill ke shiryawa a baje kolin Computex a Taipei, alƙalai na tsaye a kan mutum, wanda hakan ke toshe yawancin waɗannan ƙofofi.

Ga mai shirin sauka ƙasa da sifili

Raɓa ce ke kashe madabod, ba sanyi ba. Kafin a ɗora tukunya ana shafe kewayen mazaunin furosesa gaba da baya da basilin ko a toshe shi da roba mai laushi irin ta goge zane, a shimfiɗa takardar tsane ruwa, a naɗe tukunyar da soso, a kuma sa fanka tana kore tururi. Da damina, iska cike da laima, aikin ya fi na hunturu haɗari sosai. Ana soka wayar auna zafi a ramin da ke gindin tukunya, domin ma'aunin cikin furosesa ba ya aiki a can ƙasa. Ana zuba naitirojin kaɗan-kaɗan daga fulas, saboda furosesa da yawa suna da wani sanyin da in an wuce shi sai su cije, wasu ma su ƙi tashi har sai an ɗumama tukunyar da wutar gas. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da tukunya shi ma yakan tsage idan sanyi ya sauka da gaggawa. Alamarsa ita ce gudun da ya zauna ɗazu ya fara faɗuwa alhali tukunya na nan da sanyinta, kuma gyaransa sai an ɗumama komai an sake shafawa.

Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana zama kusan lita 700 ta iska idan ta ƙafe, ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma ture iskar da ake shaƙa. Ba a yin wannan aiki a rufaffen ɗaki, ba a toshe bakin mazubin naitirojin, ba a kuma sa safar hannu ta ulu wadda za ta jiƙe ta riƙe ruwan a jikin fata. Bayan an gama a cire wuta da ƙaramin batirin madabod, a busar da shi da iska mai ɗumi, a bar shi ya kwana kafin a sake kunnawa.