Bibiyar ƙwararrun ƴan wasa a babbar gasar foka ta duniya

Bibiyar ƴan wasa a gasar foka, wani salon karta da ake zuba kuɗi a kai, ita ce sa ido kan halin da fitattun ƴan karta suke ciki tun daga ranar farko har teburin ƙarshe: wa ke nan, wa aka fitar, kuma nawa ne ya rage a gaban kowa. An fi yin ta lokacin World Series of Poker, wato WSOP, wadda ake yi kowace shekara a Las Begas ta Amurka daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli. A Yamai da Tawa, inda aka fi sanin karta a zaman fada wajen shayi, masu bin wannan gasa ba su da yawa, kuma ta wayar salula suke bin ta.

Asalin gasar

Benny Binion ne ya fara ta a 1970 a gidan cacarsa mai suna Horseshoe. A shekarar ba a yi wasan fitar da gwani ba. Ƴan wasan da suka hallara ne suka zaɓi Johnny Moss da ƙuri'a. Gasar ta ƙunshi wasanni da dama, kuma tun 1972 kuɗin shiga babban wasan cikinsu, wanda ake yi da salon Texas Hold'em, bai motsa daga dala 10,000 ba. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar da muka sani a kasuwa mai tamma biyar ba. Kuɗin sun haura sefa miliyan biyar. Wanda ya ci wasa yana samun munduwar zinariya, al'adar da aka soma a 1976, kuma da yawan mundaye ake auna girman ɗan wasa. Zuwa 2025 Phil Hellmuth ke kan gaba da 17, sai Phil Ivey mai 11.

Da fari mutane ƙalilan ne ke zama, kowa ya san kowa. Abin ya sauya a 2003, da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta ƙaramar gasar intanet, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. A 2006 masu shiga babban wasan sun kai 8,773, a 2024 kuma 10,112. Cikin taro irin wannan ba mai iya gano inda gwaninsa yake zaune da ido, shi ya sa bibiya ta zama sana'a mai zaman kanta.

Inda labari ke fitowa

Kafofi irin su PokerNews suna baza ma'aikata tsakanin tebura, suna ƙiyasta tarin ƙwandalolin wasa da ke gaban sanannun mutane, suna rubuta manyan zagaye nan take. Waɗannan lambobi na tsakiyar rana kintace ne. Ƙidayar da za a dogara da ita tana zuwa bayan an tashi, lokacin da kowane ɗan wasa ya ƙirga nasa, ya zuba a jakar leda, ya rubuta sunansa aka liƙe. Daga nan ake fitar da jerin sunaye da teburin da kowa zai zauna washegari. Wanda ya fi jin Faransanci yakan samu rahotannin Winamax, wani shafin foka na Faransa, masu mayar da hankali kan ƴan Faransa. Tarihin abin da mutum ya taɓa ci kuwa yana cikin rumbun The Hendon Mob.

Akwai kuma kallon bidiyo, wanda PokerGO ta yi fice a kai. Mai kallo yana ganin katunan da ƴan wasa suka ɓoye wa juna, da can ta ƴar kyamara a bakin tebur, yanzu ta na'urar da ke karanta katin. Don kada wani ya tsegunta wa na kan tebur, ana jinkirta hoton, galibi da kamar rabin awa. Saboda haka wani lokaci labarin faɗuwar mutum yakan riga hotonsa isowa.

Tsakanin Las Begas da Nijar akwai tazarar awa 8 a wannan lokaci na shekara. Idan an raba kati da sha biyun rana a can, ƙarfe takwas na dare ne a Yamai, wajen isha'i. Ana tashi can da tsakar dare, a nan hantsi ya kusa. Mafi yawan masu bibiya ba sa kwana ido biyu. Da safe suke duba jerin, kamar yadda mai bin ƙwallon Turai ke duba sakamako.

Yadda ake karanta lamba

Nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa, kuma nan ne ilimin bibiya yake. Ƙwandalolin gasa ba kuɗi ba ne, ba a canza su. A tsarin da ake bi tun 2019 kowa na farawa da 60,000. A kowane zagaye akwai zubin dole, ƙarami da babba, da mutum biyu ke sawa kafin su ga katinsu, kuma duk bayan awa biyu ana ɗaga shi. A matakin farko babban zubi 200 ne, wato kowa na riƙe da ninki 300 nasa. Da wannan ninki ake auna ƙarfin ɗan wasa. Mai miliyan ɗaya lokacin da babban zubi yake 10,000 yana da ninki 100, yana wasa cikin natsuwa. Miliyan ɗayan nan idan zubi ya kai 200,000 ninki biyar ne kacal, ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Duk rahoton da ya faɗi yawan ƙwandala bai faɗi matakin zubi ba, rabin labari ya bayar.

Ma'auni na biyu shi ne matsakaici: a tara dukan ƙwandalolin gasar a raba da yawan waɗanda suka rage. A 2024 jimillar ta ɗan haura miliyan 606, don haka idan saura mutum 100, matsakaici ya kai kusan miliyan shida. Jagorancin ranar farko kuwa ba ya nuna komai sosai, domin tafiyar ta fi mako guda.

Wurin da hankali ya fi tashi shi ne bakin gaɓar kuɗi. Kusan kashi 15 cikin ɗari na masu shiga ne ke samun wani abu, mafi ƙanƙanta a shekarun nan dala 15,000. Idan saura mutum ɗaya ko biyu a kai gaɓar, ana sa dukan tebura su yi zagaye ɗaya-ɗaya tare, don kada wani ya ja lokaci. Masu ƙaramin tari sukan noƙe, ƙwararru masu babban tari kuma su matsa musu. Mai bibiya da ya san haka ba ya mamakin ganin tarin gwani ya kumbura a wannan sa'a.

Ba a cire rai da mai ƙaramin tari. A 1982 Jack Straus ya koma kan ƙwandala ɗaya tak, daga baya ya lashe gasar. A 2025 Michael Mizrachi ya sauko zuwa kusan ninki uku ana dab da teburin ƙarshe, ya farfaɗo ya ci dala miliyan 10. Akasin haka ma na faruwa: Daniel Negreanu ya tsaya a matsayi na 11 har sau biyu, a 2001 da 2015, taku biyu kafin teburin ƙarshe na mutum tara.

Waɗanda ake sa wa ido

Ban da manyan sunaye, mutane na bin ƴan yankinsu. Raymond Rahme na Afirka ta Kudu ya zo na uku a 2007, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai teburin ƙarshe. Masu karanta Faransanci sun san Antoine Saout, na uku a 2009 kuma na biyar a 2017. A ɓangaren mata, Barbara Enright ta zo ta biyar a 1995, aka yi shekara 30 kafin wata mace, Leo Margets ta Sifen, ta sake kaiwa wannan tebur a 2025, ta ƙare ta bakwai.

Akwai abin da jerin sunaye ba ya nunawa. Ƙwararru da yawa sukan sayar da kaso na kuɗin shigarsu ga masu zuba jari, ko su yi musayar kaso da abokai, don haka kuɗin da aka rubuta gaban sunan mutum ba duka ke shiga aljihunsa ba, ga kuma haraji. Rumbunan tarihi ma abin da aka ci suke lissafawa, ba sa cire abin da aka kashe wajen shiga gasannin da aka faɗi. Mutum na iya bayyana da miliyoyi a rubuce alhali bashi ya yi masa katutu.

Matsayinta a wajen jama'a

A Nijar akwai cacar da hukuma ta amince da ita ta hannun LONANI, hukumar caca ta ƙasa, amma mafi yawan jama'a Musulmi ne, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida wajen haramta caca. Masu kare foka suna cewa gwaninta ce ke rinjaye idan tafiya ta yi nisa, suna nuni da yadda sunaye ɗaya ke yawan dawowa sama. Wannan hujja ba ta sauya hukuncin malamai ba, tunda ana zuba kuɗi a kan abin da ba a san ƙarshensa ba. A fadojin Yamai da Tawa an fi buga karta don hira, kuma mai bin gasar Las Begas galibi ɗan kallo ne da ya tsaya kan lissafi da labarin ƴan wasa.