Zaizayar Ƙasa: Me Ya Sa Kwari Ke Tafiya da Baya?

A Gombe in ka ce "zaizayar ƙasa", kwari za a nuna maka. Kalmar ta shiga bakin kowa, daga gidan rediyo har teburin mai shayi, musamman in damina ta kankama aka fara jin katangar wane ta rufta. Sai dai kwari tsufan zaizaya ne. Kafin ta kai nan ta yi shekaru tana aiki ba a kula ba.

Asalin kalmar "zaizaye" ne, wato cin abu kaɗan-kaɗan, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. A wajen masu binciken ƙasa da ruwa, zaizaya na nufin abu uku a jere: a ɓanɓare ƙwayar ƙasa daga mazauninta, a ɗauke ta, a ajiye ta wani wuri. Mai ɓanɓarewa na farko ɗigon ruwan sama ne. Babban ɗigo yana faɗowa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa. Duba gindin katangar gidanku bayan an ɗauke ruwa, za ka ga feshin laka ya hau ta har wajen ƙwauri. Ƙasar tsakar gida ce ta yi tsalle.

Daga nan sai ruwa ya malala ya wanke fuskar gona. Wannan ita ce muguwar, don ba ta barin rami, sai dai manomi ya ga amfani yana raguwa, saiwar darbejiya ta fito fili, ya ɗora laifin a kan taki. In ruwan ya haɗu ya tsaga 'yan layuka, garma na iya shafe su. Ranar da layi ya fi ƙarfin garma, a nan masana ke sauya masa suna: ya zama kwazazzabo, kwari a bakin mutanen Gombe.

Wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai tun ina yaro shi ne, ruwa gangara yake bi, amma kwari tudu yake hawa. Sai da na tsaya a kan wani kwari ana tsakiyar yayyafi na gane. A daidai inda ya fara akwai gaɓa, ruwa na zubowa daga sama kamar daga indararo. Inda yake dira yana haƙa ɗan tafki, yana kuma ƙwaƙule gindin gaɓar ta ciki, har saman ya zama rumfa ba ginshiƙi. Can sai ka ji tim! ya faɗa. Kan kwarin ya matsa baya da taku biyu ke nan. Haka yake cin hanya, ya ci makewayi, ya tasar wa ɗaki. Buhunan yashi da sharar da ake jibgawa a bakinsa ba sa hana komai. Sau da yawa ma karkatar da ruwan suke yi ya buɗe sabon baki ta gefen maƙwabci.

Me ya sa Gombe? Garin a kwance yake cikin kwaroro, tudun Akko na yamma da shi, duk ruwan da ya sauka a sama ta cikin gari zai ratsa ya nufi gabas. Ƙasar kuma mai yashi ce, ba ta da danƙo. Ga shi tun da aka ƙirƙiro jihar daga Bauchi a 1996 gari ke faɗaɗa, filayen da dā ke shanye ruwa suka koma kwano da siminti da kwalta. Yi lissafi da kanka: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000, duro 25 ke nan, daga gida ɗaya a dare ɗaya. Ninka da gidajen unguwa. Sannan in gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin dukansa sau huɗu yake ninkawa.

Injiniyoyi na da ma'aunin da wasu masana biyu, Wischmeier da Smith, suka fitar a Amurka a 1965 don ƙiyasta ƙasar da gona ke asara. Ana ninka ƙarfin ruwan sama da laushin ƙasa da tsawon gangara da tsininta, sannan abin da ya rufe ƙasar da dabarar da manomi ya yi. Ruwan sama na Allah ne, irin ƙasa ma haka ka same ta, amma sauran akwai hannun mutum. Mutanen Tula a ƙasar Kaltungo sun san wannan tun kaka da kakanni: sun jera duwatsu sun yanka gangaren dutse hawa-hawa, kowane hawa na karya gudun ruwa. A ganina ɗalibin injiniya ya je Tula kafin ya buɗe littafi.

Manyan ayyuka ma dabarar ke nan, sai dai da kuɗi. Shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai suna NEWMAP, na Bankin Duniya, ya fara a 2012 da jihohi bakwai na kudu, daga baya Gombe ta shiga, aka yi aikin kwarin da ya taso ta Jami'ar Jihar Gombe. A ƙarshen 2021 Bankin ya amince da wani shiri makamancinsa mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ido ke gani shi ne magudanar kankare, amma ka lura da matakalan da ake yi a cikinta da kwandunan waya cike da duwatsu: aikinsu gajiyar da ruwa. Magudanar da ta miƙe santal ba abin da zai rage mata gudu, matsalar kawai take kwashewa ta kai wa na ƙasa. A gefe kuma ana dasa jema, ciyawar da saiwarta ke nutsawa mita biyu zuwa uku ta ɗinke ƙasa.

Akwai kalmar da ake cakuɗawa da zaizaya, ita ce zaftarewa. Zaizaya ƙwaya-ƙwaya take ɗiba. Zaftarewa gaɓa guda ce ke sulluɓowa lokaci ɗaya, kuma ita ce ke binne mutane, musamman masu haƙar yashi a gindin gaɓa. Injiniya kan auna ƙarfin da ke riƙe gangara ya raba da nauyin da ke janyo ta. In amsar ta kusa 1, ana bakin haɗari, galibi 1.5 ake nema. Ruwan da ya jiƙa cikin ƙasa yana ƙara mata nauyi yana kuma rage mata riƙo, shi ya sa gaɓa kan faɗi bayan an ɗauke ruwa, lokacin da kowa ya saki jiki. Shi ya sa kuma ake barin 'yan bututu a jikin katangar tokare ƙasa, don ruwan da ya taru a bayanta ya tsiyaye. Na taɓa ganin wani mai gida ya sa birkila ya toshe nasa da siminti, wai suna ɓata masa fenti.

Gaɓa takan yi gargaɗi. Tsaga ce ke fitowa a saman ƙasa tana bin tsawon bakin kwarin, da farko siririya kamar zare, bayan ruwa biyu ko uku hannu na shiga. Duk abin da ke tsakanin wannan tsaga da ramin ya riga ya zama na kwari, ko akuya ce a ɗaure a kwance ta.